Ragar da Aka Bari Babu Gola

Akwai wata safiyar Lahadi da ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta wurin da na ajiye hulata, ita kam ba zan manta da ita ba. A safiyar nan na laɓe bayan wata matacciyar mota ina kallon abokaina ana zura musu ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, ragarsu a buɗe babu kowa a ciki, kuma na san sarai saboda ni ne. Shekaru sun shuɗe, amma duk sanda na ɗauko labarin sai in ji ƙirjina yana bugawa kamar yanzu aka busa usur. Zan faɗe shi yadda ya faru, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba.

A unguwar Briqueterie aka haife ni. Sana'ar gidanmu nama ce tun daga kakana. Ban yi nisa a makaranta ba, ina iya karatu da ɗan lissafi mahaifina ya tsayar da ni bakin tukuba. Duk wanda ya san Yaoundé ya san da yamma ta yi unguwarmu hayaƙin tsire take tashi, abin da kowa a nan ke kira soya. Da na girma na yi aure, sai na ga masu tukuba sun yi yawa a layinmu, na ɗauki tawa na kai ƙofar wata mashaya a Nkomkana. Masu shan giya suna son nama mai yaji, don haka ciniki ya buɗe mini sosai. Mutanen kudu kowane Bahaushe Magida suke ce masa. Kullum sai wani ya ɗaga kwalba ya ce, "Magida, karɓi guda mana, ni zan biya." Na daɗe ina cewa a'a. Wata rana da yamma ruwa ya tsuge, sanyi ya shige ni, na ce bari in ɗanɗana in ji abin da suke ji. Ba wanda ya tilasta mini. Da hannuna na karɓa.

Daga kwalba na koma 'yar leda, wato wiskin nan mai arha da ake ƙullawa a ƙananan ledoji. Ita ce ta gama da ni, don tana shiga aljihu, tana shiga ƙarƙashin hula, ba mai gani. Sai in tauna kanumfari in ɗora goro a kai, a zatona na rufe warin. Nama ya fara ƙonewa a gabana ina kallo. Na daina zuwa jam'i, in ma na je sai in tsaya can ƙarshen sahu kusa da ƙofa. 'Ya'yana suka koyi gane takuna, da sun ji irin wancan takun sai su shige ɗaki. Abin da ya fi ciwo shi ne a unguwarmu ba a maganar nan. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Mutum yana nutsewa a tsakiyar jama'a ana gaishe shi ana tambayarsa ya iyali. Mai ɗakina ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta ce mini magana guda: ranar da haƙurinta ya ƙare za ta kwashi yara ta koma gidan yayanta a Ekoudou, kuma ba za ta tsaya sallama ba.

Ana cikin haka na dawo da tukubata unguwa, don mai mashayar ma ya gaji da ni. Wata rana wani dattijo tela, mai farin gemu, wanda ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba, ya tsaya sayen nama. Ina yanka masa, wuƙa tana rawa a hannuna. Ya daɗe yana kallon hannun. Na sunkuyar da kai ina jiran wa'azi.

Sai ya ce, "Ƙanena, ka taɓa tsaron raga?"

Na ce, "Ina yaro dai, Baba."

"Ranar Lahadi da safe ka zo filin bayan garejin nan. Gola muke nema."

Na ɗaga masa hannun na ce, "Da wannan?"

Ya karɓi namansa, ya rage murya ya ce, "Nawa ya fi naka rawa lokacin da na fara." Ya juya ya tafi abinsa. Na tsaya baki buɗe har wani nama ya ƙone.

Ga wanda bai san garin nan ba, akwai abin da ake kira de-zero. Ƙwallon magidanta ne na safiyar Lahadi, masu tumbi da masu ciwon gwiwa, kowace unguwa da ƙungiyarta. Amma kowa ya san ƙwallon share fage ne kawai. Da an tashi sai a zarce mashaya a jera akwatunan giya har la'asar. Ƙungiyar da dattijon nan ya kira ni ita ma de-zero ce, sai dai duk wanda ke cikinta giya ta taɓa kayar da shi. Akwai Hausawa, akwai Fulanin Garoua, akwai Kiristoci biyu 'yan kudu, ɗaya daga cikinsu ɗan benskin ne, wato mai haya da babur, shi ne ɗan gabanmu, bakinsa ba ya rufuwa. Dattijon shi ne kyaftin. In an tashi wasa sai mu zauna gindin mangwaro, a ɗora shayi, a kawo kunu da makala, wato fanken garin nan, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, wanda ya fi zo masa a baki. Sauran ƙungiyoyi 'yan shayi suke ce mana, suna dariya. Ranar farko da na ji wani babban ɗan kasuwa da nake jin nauyinsa yana faɗin yadda ya taɓa ɓoye leda a cikin buhun shinkafa, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Dokokinmu ba su da yawa. Guda ɗaya ce ta ba ni dariya da na ji ta: wanda ya koma sha, ba a cike gurbinsa. In ɗan baya ne, haka za a buga babu mutum a wurin har ya dawo. Ɗan benskin ɗin ya nuna ni ya ce wa kyaftin, "To Baba, in Gola ne ya faɗi fa?"

Kyaftin ya ce, "Sai a ci mu."

Aka kwashe da dariya har da ni. Na ɗauka zance ne kawai.

Farkon dainawa ba wasa ba ne. Gumi, rawar jiki, rashin barci, faɗa da kowa. Kyaftin da kansa ya raka ni asibiti, ya zauna a benci yana jan carbi har likita ya gama da ni. A hankali hannu ya tsaya. Ƙwallon da da take wucewa ta tsakanin ƙafafuna ta fara maƙalewa a ƙirjina. Na haura shekara ban sa ko ɗigo a bakina ba. Mai ɗakina ta koma dariya, har ita ke wanke mini safar hannu ranar Asabar ta shanya a igiya kusa da kayan yara. Na koma sahun gaba. Kuma, gaskiya, na fara jin kaina. A ƙarƙashin mangwaro na fara ba sababbin zuwa shawara da murya irin ta wanda ya gama.

Sai ga gayyata daga wata ƙungiyar de-zero ta Cité Verte. Ma'aikatan ofis ne, rigunansu iri ɗaya masu lamba, takalmansu sababbi. Za mu je gidansu, mako na gaba su zo namu. Kyaftin ya gaya musu tun da wuri cewa mu ba ma sha. Suka yi dariya suka ce ba komai, za su tanadar mana lemo.

Wasan nan, wallahi ban taɓa buga irinsa ba. Tun farko ɗan benskin ya kutsa ya ci musu guda, ya cire riga yana gudu kamar an biyo shi. Daga nan suka tare a gidanmu. Ta sama na kama, ta ƙasa na kama, wata na doke da gwiwa, wata da fuska. Saura kaɗan a tashi wani ɗan bayanmu ya sa hannu, alƙalin wasa ya nuna fenariti. Wanda zai buga wani ƙato ne mai fara'a, tumbinsa ya riga shi isowa. Ya ajiye ƙwallo ya nuna mini kusurwar dama da yatsa yana murmushi, wai can zai sa. Na kalli ƙafarsa ta hagu inda ya dasa ta, na ce ƙarya yake. Ya buga, na yi tsalle hagu da duk ƙarfina, na ji ƙwallon ta daki tafin hannuna ta fita waje. Kafin in tashi daga ƙasa usur ya tashi. Mun ci!

Abokaina suka ɗaga ni sama. Fulanin nan masu kunya har da su ake ihu. Kyaftin yana tafi yana cewa, "Gola! Gola!" Ni da aka saba nuna ni da baki in na wuce, yau ga ni a kafaɗun mutane. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba, kuma a nan ne na faɗi.

Masu masaukin sun cika alkawari, an jera mana lemo a tebur guda, su kuma nasu teburin da akwatunansu. Ƙaton nan ya zo ya ja hannuna wai sai an ɗauke mu hoto tare. Ya kai ni wajen mutanensa, ya rungume ni, ya danƙa mini kwalba mai sanyi tana raɓa, ya ce, "Magida, wanda ya tare ni ya cancanta." Ba na ganin laifinsa. Shi a wurinsa karamci ya yi, bai san labarina ba. Ni na san abin da ke hannuna. Tsawon lokacin nan na shirya wa baƙin ciki, na shirya wa ɓacin rai, na shirya wa ranar da ciniki ya mutu. Ban taɓa shirya wa murna ba. Wata murya a raina ta ce mini, mutumin da ya tare wannan fenariti ai ya warke, guda ɗaya me za ta yi masa? Na zaga bayan wata rumfa, abokaina suna can suna waƙa da sunan Gola, na kafa kai na shanye.

Abin da ya yi shekara yana barci ya farka a take. A hanyar komawa na sauka daga tasi a kasuwar Mokolo, na ce zan sayi albasa. Leda na saya.

Makon nan ba na son tuna shi. Tukuba in buɗe yau in kasa gobe. Na kashe wayata. Mai ɗakina ta ji warin tun ranar farko. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta taka kujera ta sauko da babbar jaka daga kan kabad, ta kakkaɓe ta, ta ajiye bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ban sa komai a ciki ba tukuna."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A tsakiyar mako kyaftin ya yi sallama a ƙofar gida. Na faɗa ɗaki na yi mata alama ta ce ba na nan. Ta dube ni, ta fita, na ji tana cewa, "Yana ciki, Baba. Kunya ce ta hana shi fitowa."

Ya matso har bakin labule. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa. Ya ce, "Gola, ranar Lahadi 'yan Cité Verte za su zo. Ka bar safarka a can, tana wurina."

Na ce, "Baba, ku nemi wani gola. Ni na gama."

"Muna da gola."

"Ba ka san abin da na yi ba."

Ya ce, "Na sani. Na ga wucewarka bayan rumfa, kafin in taso ka riga ka gama. Ni ma da nawa laifin, bai kamata in bar ka kai kaɗai ba. Safarka a raga za ka same ta." Ƙafafun suka juya suka tafi. Ko kalma guda ta wa'azi bai yi ba.

Ranar Lahadi na tashi kaina kamar an ɗora mini turmi. An kwana ana ruwa, lungunan unguwa duk jan taɓo. Na zura doguwar riga da silifa na fita, na je kantin da nake zuwa a ɓoye na sayi leda biyu na cusa a aljihun wando. Niyyata in sami kango in zauna. Ban sha ba tukuna sai na ji usur daga wajen gareji, da hayaniyar mutane. Na ce bari in leƙa kawai in ga wanda suka sa a madadina. Har da ɗan kishi a raina. Na bi ta baya na durƙusa a bayan wata tsohuwar mota da ba ta da tayu.

Fili ya cika. Labarin nasarar da muka yi ya zaga unguwa, masu shaguna da masu tukuba da 'yan benskin duk sun zo. Na duba ragarmu. Babu kowa. Safata ce kawai a ɗaure a ƙarfen sama tana lilo. A tsakiyar fili kyaftin ɗin baƙi yana ta ɗaga hannu, yana nuna wani ɗan wasansu da ke zaune, da alama aron gola yake ba mu. Kyaftin namu yana girgiza kai. Wani mai shago ya ɗaga murya ya ce, "Baba tela, ko ni in shiga mana!" Ya ɗaga masa hannu alamar godiya, ya ce a busa.

Ba a daɗe ba wani ɗan Cité Verte ya ɗaga kai daga tsakiyar fili ya tura ƙwallo. Ba ta da wani ƙarfi. Ta gangara a hankali cikin taɓo, kowa yana kallo, ta shige raga. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Kyaftin ya taka har raga da kansa, ya ɗauko ƙwallon, ya ɗaga hannu ya taɓa safata, ya koma tsakiya. Ɗan benskin ya kewaye baki da hannu ya kwarma ihu, "Gola, kana ina?"

Na cije leɓe. Na ce a raina yanzu za su gane wauta ce su sa wani.

Ta biyu ta shiga. Kyaftin ya sake tafiya, ya sake taɓa safar. Wannan karon 'yan kallo suka karɓe wa ɗan benskin, suna tafi suna rerawa, "Gola, kana ina? Gola, kana ina?" Su wasa suka ɗauke shi. Ni kuwa kowane tafi kamar a fuskata. Mutanen nan sun yi shekaru ana kiransu 'yan shayi, sau ɗaya suka samu aka girmama su, ga shi suna zubar da girman a gaban unguwa saboda wani sakarai da ke tsugune bayan mota da leda a aljihu.

Sai ta uku. An buga ta daga gefe tana tafiya raga, kyaftin ya juya ya bi ta da gudu, mutumin da ya haifi kamata. Saura taku kaɗan santsi ya kwashe shi, ya faɗi rub da ciki. Ƙwallo ta shige. Ya ɗago, farin gemun nan ya koma ja da taɓo. Wasu suka yi dariya. Ya dafa gwiwa ya miƙe da kyar, ya ɗingisa zuwa raga, ya ɗaga hannu zai taɓa safar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji ni ina gudu, silifa ɗaya ta maƙale a taɓo na bar ta, ina ture mutane ina cewa, "Ga ni! Ga ni nan!" Filin ya kaure da ihu. Ɗan benskin ya yi tsalle ya faɗa kan wani Bafulatani suka zube tare. Kyaftin ya kwance safar, ya kama hannuna ya riƙe, yana jin yadda yake rawa.

Ya ce, "Ka sha yau?"

Na ce, "Jiya dai, Baba. Yau ban sha ba."

"To sa. Ka makara."

Na tattare riga na ɗaure a ƙugu, na wurgar da ɗaya silifar, na tsaya. Wallahi na manta da abin da ke aljihuna. Hari na farko da suka kawo, ƙaton nan ne ya sheƙo ƙwallo ƙasa-ƙasa. Na faɗa kanta da gefen jikina na rungume. Sai na ji wani abu ya fashe, sanyi yana bin cinyata. Kafin in miƙe warin wiski ya cika bakin raga. 'Yan bayanmu suka ji, baƙi suka ji, 'yan kallon da ke bayan raga suka ji, kuma rabinsu maƙwabtana ne da muke sahu ɗaya. Abin da na yi shekaru ina rufewa da goro da kanumfari, ga shi yana ɗiga daga wandona a gaban kowa.

Kyaftin ya matso ya shaƙa, ya dubi wandon, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Alhamdulillahi. Gara a wando da a ciki. Buga mana ƙwallo, Gola!"

Ɗan benskin ne ya fara dariya, sai ta bazu har bayan raga. Amma ba irin dariyar ɗazu ba ce. Wani dattijo maƙwabcina ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ƙara shiryarwa, ɗana!" Na buga ƙwallon da duk ƙarfina, hawaye suna zuba, ina dariya ni ma.

Daga nan wasa ya canja. Mutanenmu kamar an zuba musu wuta. Ɗan benskin ya rama guda kafin hutu, ya zo har raga ya sumbaci goshina ya ce, "Kai, Magida, wari kake kamar mashayar Mokolo!" Bayan hutu Bafulatanin ya sa ta biyu da ka. Ni kuma numfashi yana neman ƙare mini, amma na rantse ba mai wuce ni. Na kama ta sama, na doke ta kwana, na kwanta a ƙafar wani. Unguwa gaba ɗaya ta koma bayanmu ana buga jarkoki. Ba mu rama ta ukun ba. Uku da biyu aka tashi, an ci mu. Amma wanda ya zo a lokacin zai rantse kofi muka ɗauka.

A gindin mangwaro na faɗi komai, tun daga bayan rumfa har kantin safiyar nan. Ba wanda ya katse ni. Ƙaton Cité Verte ya biyo mu, ya tsaya yana murza hula, ya ce bai sani ba, in yafe masa. Na ce masa shi kwalba ya miƙo, baki nawa ne. Aka ba shi shayi, ya kurɓa ya ce sukarinmu zai kashe mutum kafin giya.

Sai na tuna gida, na dubi wandona. In na shiga da warin nan, jakar nan cika za ta yi kafin in buɗe baki. Kyaftin ya gane. Ya ce kowa ya tashi. Haka muka ratsa lungunan Briqueterie, mutum goma sha ɗaya cikin taɓo, ni a tsakiya ba takalmi. Ya yi sallama, mai ɗakina ta leƙo, warin ya dake ta, na ga fuskarta ta sauya.

Kyaftin ya ce, "'Yata, tsaya ki ji. Warin nan na wando ne, ba na baki ba. Mu goma shaida ne. Jiya ya sha, yau bai sha ba. Gobe kuma ba mu da iko da ita, amma muna tare da shi."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ta koma ciki, na ji zuciyata ta tsaya. Sai ga ta da bokitin ruwa da sabulu da wani wandon. Ta dire a gabana ta ce, "A waje za ka cire shi, Malam. Ba zai shigar mini ɗaki ba." Ta miƙa hannu ta karɓi safar. Ɗan benskin ya buga tsalle ya yi ihu kamar ya ci ƙwallo.

Ba a ranar komai ya gyaru ba. Rawar jiki ta dawo, aka sake komawa wurin likita, aka sake farawa daga tushe. Jakar nan ta yi watanni a bakin ƙofa ina tsallake ta safe da yamma. Wata rana na dawo daga tukuba na ga ba ta nan, na ɗaga kai na gan ta a kan kabad. Ƙungiya kuma ta ƙara doka guda saboda ni: duk wanda ya yi abin murna, ko haihuwa ko cin ƙwallo ko ciniki mai kyau, ba a barinsa shi kaɗai ranar. Kyaftin yanzu gwiwa ta hana shi wasa, shi ke zama gindin mangwaro da butar shayi. Ni har yau ina raga. Sau da yawa an ci ni ta wurin da wani ɗan baya ya bari, kuma ban taɓa cewa a cike gurbin ba.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, kwalbar da na sha a bayan rumfa ba ita ta kusa hallaka ni ba, ɓuyan da na yi bayanta ne. Na koyi cewa mai irin ciwona ya ji tsoron ranar murnarsa kamar yadda yake tsoron ranar baƙin cikinsa, kuma kada ya taɓa cewa ya gama. Na kuma gane cewa wa'azi bai fito da ni daga bayan motar nan ba. Ganin wurina a buɗe ne, da ganin mutane suna shan wuya don su bar mini shi. In kana da wani naka da ya faɗi, kada ka yi saurin sa wani a wurinsa. Wataƙila yana nan kusa a laɓe, yana kallon ko har yanzu ana jiransa.